Inda aikin hulɗa da jama'a ya dosa: shawarwarin masu sana'ar

Bakin jami'an hulɗa da jama'a ya zo ɗaya a kan cewa yanzu jita-jita ta fi takardar sanarwa gudu. Saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp zai zaga kasuwa tun kafin shugaba ya sa hannu a takarda. Shawararsu ita ce a tanadi gajeren bayanin farko kafin matsala ta auku, a ware mutum ɗaya da zai yi magana, a kuma mayar da martani ta hanyar da zancen ya biyo: murya da murya, cikin Hausa, sannan a kai gidan rediyo.

Sun ja kunne kan dogaro da kafar sadarwa ɗaya. Da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu kafa ɗaya sun rasa inda za su yi wa jama'a bayani.

Ƙirƙirarriyar basira na rage wahalar rubutu, amma fassarar inji kan rikita "ya" da "ta", don haka sai wanda ya san harshen ya duba. Abin da ya fi tayar wa jami'an da hankali shi ne muryar bogi, wato wadda ake haɗawa da inji don kwaikwayon muryar wani. Maganinta, kowace sanarwa ta fara fita a shafin da aka tantance.

Akwai kuma doka. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa tara lambobin wayar mutane ba da yardarsu ba na iya jawo hukunci, kuma ARCON, hukumar kula da harkar tallace-tallace ta Najeriya, na buƙatar tantance talla kafin ta fita, har wadda aka biya 'yan TikTok su yi.