Makarantun cata sun tsotse kuɗin makarantun gwamnati a Detroit

Baban Yara: Raina a ɓace yake. An rufe makarantar gwamnati ta unguwarmu, wai ɗalibai sun ragu. Ina suka tafi? Makarantun cata, waɗanda gwamnati ke biya amma kamfani ko ƙungiya ke tafiyarwa. Tun 1994 a Michigan, jihar Amurka da birnin Detroit yake ciki, kuɗin da gwamnati ke ware wa kowane yaro na bin sa duk makarantar da ya koma. Yara uku su bar aji, albashin malami bai ragu ba, kuɗin ɗumama gini bai ragu ba. Bashi ya yi wa makarantun Detroit katutu, sai da jiha ta zuba dala miliyan 617 a 2016. Wannan sata ce!

Maman Biyu: Sata? Haba Alhaji. 'Yata na kai can, harajin da nake biya ya bi ta. Ni ce ɓarauniyar ke nan?

Baban Yara: Hajiya, ban ambaci sunanki ba.

Tsohon Malami: Sata ce mana. Yawancin makarantun cata na Michigan kamfanonin neman riba ke riƙe da su. Kuɗin marayu da talakawa ya zama ribar wani, me za a kira shi?

Ɗan Boston: Malam, ɓarawo ba ya zuwa da izinin majalisa. Ku dubi birnin New Orleans: bayan guguwar Katrina ta 2005 kusan duk makarantun suka koma cata, sakamakon jarrabawa ya tashi.

Tsohon Malami: Bayan an sallami ma'aikata wajen 7,000, akasari baƙaƙen fata. Kai da jiharku ta Massachusetts ta ƙi ƙarin makarantun nan a ƙuri'ar 2016?

Ɗan Boston: Ƙungiyar malamai ce ta zuba kuɗi a kamfe. Dama ku 'yan ƙungiya bakinku ɗaya.

Tsohon Malami: Yaro, ina riƙe da alli tun kafin ka samu biza.

Maman Biyu: To ga gorin biza ya shigo. Ni dai a janye kalmar sata, ko in fita.

Baban Yara: Makarantar da aka rufe fa? Ba wanda ya tambayi inda yaran za su.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa. Abin da na fahimta: kowa ya yarda iyaye na da 'yancin zaɓi, kuma New Orleans ta nuna gasa na gyara karatu. Alhaji ya yi zafi ne kawai. Ni ma nawa uku suna cata, alhamdulillahi.

Tsohon Malami: Wane kowa? Ni ban yarda ba.