Wane takalmi ne zai jure tafiyar kullum?

Malamar Aji Uku: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Daga gida zuwa makarantar da nake koyarwa tafiyar kusan minti 25 ce, kuma tun da kuɗin adaidaita ya tashi na koma takawa da ƙafa, sai in ana ruwa. Ga tsayuwa gaban allo tun safe har a tashi. A shekarar nan kaɗai takalmi uku na kashe. Na farko gam ya saki, na biyu igiyarsa ta tsinke ina tsakiyar hanya, na uku kuma ƙasansa ya cinye ta gefe guda. Yanzu in na tashi da asuba, takun farko sai in ji kamar ƙusa na taka da dunduniya. Don Allah wanda ya san takalmi mai daɗin tafiya kuma mai ƙarko ya taimaka min.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Wane iri kike sawa?

Malamar Aji Uku: Irin fulat ɗin nan na mata, marar nauyi. Na ɗauka shi ya fi sauƙin tafiya.

Nas Mai Aikin Dare: To ai nan matsalar take, 'yar'uwa. Fulat ɗin nan da za ki iya naɗe shi kamar tabarma, ba abin da yake tare miki tsakaninki da kwalta. Akwai wata jijiya mai faɗi a tafin ƙafa da ta taso daga dunduniya har gindin yatsu. In tana shan duka kullum sai ta fara ciwo, kuma alamarta ke nan, zafi a takun farko da safe, in an ɗan zagaya ya lafa. Mu da muke kwana a tsaye a asibiti mun san shi sarai.

Ni kambas ne ya cece ni. Na sa Skechers, yana da laushi ƙwarai da rashin nauyi. Yanzu New Balance nake sawa saboda ƙafata faffaɗa ce, su kuma suna yin lamba ɗaya da faɗi daban-daban. Amma kar sunan ya ruɗe ki, jabu ya cika kasuwa. Ki ɗauki takalmin a hannu ki lanƙwasa shi. In ya lanƙwasu daidai wurin yatsu kawai, madalla. In ya karye a tsakiya, ki ajiye. Sannan ki matsa bayansa, wurin da ke riƙe dunduniya, ya kamata ki ji tauri. Ki murɗa shi kamar za ki matse wanki, in ya murɗu da sauƙi ba na tafiya ba ne.

Malamar Aji Uku: Na gode Anti. Sai dai kambas da zani da hijabi? Yaran aji ma sai sun yi ta kallona.

Maman Biyu: Haba Malama, ai an wuce nan. Akwai baƙi sau-ciki marar igiya, in zani ya sauka a kai ba mai ganewa. Ni haka nake zuwa kasuwar Rimi da shi. In kuma kina jin nauyi, ki sa mai kyan a jaka, in kin isa ki canza. Amma ni a ganina tsayuwar ajin ma ta fi buƙatarsa.

Ɗan Dukawa: Salamu alaikum. Tun da an zo fagenmu bari in sa baki. Gidanmu gidan dukanci ne, na tashi na tarar da kakana yana ɗinkin fata, ni ma ita nake ci. Malama, takalminki na farko ba laifinki ba ne. Yawancin na kanti da gam kawai ake haɗa sama da ƙasa. In bazara ta yi, kwalta ta ɗau zafi, gam sai ya yi laushi. In damina ta zo ruwa ya shiga ya ƙarasa shi. Maganinsa mai sauƙi ne: duk takalmin da kika saya, kafin ki taka shi ko sau ɗaya, ki kai wa shumeka ya zagaye shi da ɗinki. Mutane sai ya buɗe baki suke kawo mana, lokacin ƙasa ta riga ta shiga, fatar ta saki.

In kuma ƙarko tsantsa kike so, ki je kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ki sa a yi miki na fata. Saman a yi da fatar akuya don laushi, ƙasan a sa masa roba mai kauri ko taya. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ba ta da na biyu. Ita ce fatake suke ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu da muke da ita a ƙofar gida mun koma sayen leda da aka yi wa fenti.

Autan Zaure: Kawu, yaya ake bambancewa? Ni duk iri ɗaya nake ganinsu.

Ɗan Dukawa: Ka shinshina, fata tana da ƙamshinta, leda warin roba take. Ka duba bakin yanka ko ka leƙa cikinta: bayan fata gashi-gashi ne kamar gari, bayan leda kuwa za ka ga ƙyalle a manne. Ka danna da yatsa, fata za ta yi 'yan ƙananan tamoji ta koma. Leda in ta tsufa ɓarewa take kamar bawon albasa, fata kuwa in ana shafa mata kiwi ko ɗan man kaɗe, musamman da hunturu, sai dai ta ƙara laushi. Abu ɗaya: in ta jiƙe kar a shanya ta a rana ko kusa da murhu. A cusa mata tsohuwar jarida a bar ta a inuwa.

Nas Mai Aikin Dare: Kawu, ban ƙi taka ba wajen ƙarko, amma sandal ɗin fata da na saba gani shafe yake kamar faranti. Mai ciwon dunduniya in ta sa shi ƙara mata zai yi. Ƙarko daban, lafiyar ƙafa daban.

Ɗan Dukawa: Gaskiyarki 'yata, na jere a kan tebur haka suke. Shi ya sa na ce a sa a yi mata. Za ta taka kwali a zana ƙafarta, duka biyun, don ba kasafai suke zuwa daidai ba. A ɗaga dunduniyar kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi, a sa soso mai tauri a tsakiya, a cika wurin ramin tafin ƙafa, a yi masa maɗauri ta baya. Silifa marar maɗauri yatsu ne ke aikin riƙe shi, shi ya sa ake gajiya. In ƙasan ya cinye a canza shi, saman yana nan.

Autan Zaure: Ni dai gwanjo nake bi. Na samu Clarks a Sabon Gari, shekara ta uku ke nan ina zuwa aiki da shi, sau ɗaya aka canza masa dunduniya. Kamfanin Ingila ne tun 1825, sun san kan takalmi. Amma gwanjo sai da ido. Wani yayana ya sayi wani na waje, sabo fil a ido, ya adana shi a akwati sai Sallah. Ranar Idi muna tafiya sai muka ga baƙin gari yana zuba a bayansa. Kafin mu isa filin ƙasan ya ruɓe gaba ɗaya, da safa ya ƙarasa. Na tausaya masa ƙwarai, don ya daɗe yana tara kuɗin.

Ɗan Dukawa: Wannan robar da ake kira PU ce, wata roba marar nauyi da ake yin ƙasan takalmi da ita. Tana da daɗin taku, amma damshin iska yana cinta a hankali, kuma ajiya ta fi sawa kashe ta. Gwanjo kuwa ba ka san shekara nawa ya yi a sito ba. Ka soka farce a ƙasan ka lanƙwasa shi sosai a gaban mai kaya. In ya yi danƙo ko ya tsage, bar masa abinsa.

Nas Mai Aikin Dare: Ƙari a kan gwanjo, kambas ɗin da wani ya gama gudu da shi sosonsa ya riga ya mutu ko da samansa na sheƙi. Masu harkar gudu kan canza nasu bayan kilomita 500 zuwa 800. A duba ƙasan, in zanen ya shafe ko ya karkata gefe, tafiyar wani za ki gada.

Hajiya Babba: Sannunku yara. Ni aikin Hajji ne ya koya min darajar takalmi. Daga tantinmu a Mina zuwa wurin jifa tafiya ce mai tsawo ta cikin ramukan dutsen nan, a je a dawo, kwana uku a jere, ga zafi ga cunkoso. Wata baiwar Allah a tantinmu ta zo da sabon takalmi da ba ta taɓa sawa ba, don tana so ta fara shi a ƙasa mai tsarki. Rana ta farko ƙafarta ta yi bororo, ta biyu ya fashe. Ni na wanke mata na ɗaure, tana hawaye don tana tsoron kar jifa ya wuce ta. Tun daga nan duk mai niyya nake ce masa ya sayi takalminsa tun kafin azumi ya yi ta yawo da shi. Mata za su iya sa kambas da safa. Maza masu harami su nemi sandal mai maɗauri wanda bai rufe idon sawu ba.

Wanda na je da shi Birkenstock ne, ɗana ya kawo min. Satin farko na ce ya zo ya ɗauki abinsa, tauri kamar katako. Ashe cikinsa ɓawon wata bishiya ne da ake niƙawa, a hankali yake ɗaukar siffar ƙafar mai shi. Yanzu in na zura ƙafa ko'ina ya zauna daidai. Ba ya son ruwa dai, da damina ajiye shi nake.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta tuna min. Mu nan inda rairayi ya yi yawa, faffaɗan takalmin Buzaye irin na Agadas ya fi, ƙafa ba ta nutsewa kuma zafin yashi ba ya taɓa yatsu. Amma a kan kwalta ban ba Malama shawararsa ba.

Maman Biyu: Ni ba abin da nake tunawa sai Cortina na Bata da muka yi firamare da shi. Yayata ta sa, na gada, ƙanwata ta gada. Babanmu kiwi kawai yake saya.

Alhajin Fagge: Ina karantawa tun ɗazu. Roƙona ɗaya, ga masu ciwon suga irina. Mu ƙafarmu kan daina ji, tsakuwa za ta shiga takalmi ta yi rauni ba mu sani ba, raunin kuma ba ya saurin warkewa. Mu riƙa sa rufaffe mai yalwar gaba, da safar auduga, mu zura hannu ciki kafin mu sa, mu duba tafin ƙafa kowane dare. Na ga abokina ya rasa yatsa a kan ƙusar da ta ɓullo ta cikin takalmi.

Malamar Aji Uku: Allah ya saka muku da alheri, ban zaci zan samu haka ba. In albashi ya shigo zan fara da baƙin kambas ɗin, wata mai zuwa kuma in sa a yi min na fata.

Nas Mai Aikin Dare: Hakan ya yi, ki riƙa musanya su, ɗaya ya huta ya sha iska. Ki je saye bayan la'asar, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ki riƙa sawa. Ki tashi tsaye ki tabbata akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsanki da bakin takalmin, kar ki yarda da "zai buɗe". Da asuba kafin ki sauko daga gado ki ja yatsun ƙafar zuwa sama ki riƙe kaɗan, da yamma ki murza gorar ruwan sanyi da tafin ƙafa. In an yi 'yan makonni ciwon bai ragu ba, ki je asibiti a duba.

Ɗan Dukawa: Malama, in za ki zo kar ki jefar da na ukun nan da ya cinye ta gefe. Ki taho da shi, mai ɗinkin zai duba inda kike danna ƙafa ya ƙara kauri a wurin.

Malamar Aji Uku: To Kawu, yana nan bayan ƙofa, zan sa shi a leda tun yanzu.