Yadda ake mayar da gadon haƙƙin man fetur da sunan magada a Texas

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bara a Houston da ke jihar Texas ta Amurka ba tare da ya bar wasiyya ba, mahaifiyarmu kuwa ta riga shi. Cikin abin da ya bari akwai kaso na haƙƙin ma'adinan ƙarƙashin ƙasa a gundumar Reeves, kuma kamfanin da ke haƙo man ya daina biyan kuɗin kason tun da ya samu labarin rasuwar. Mu uku ne, kuma ƙanenmu da ke Kano yana son ya sallama mini rabonsa. Ta ina za mu fara?

Baban Sadik:
Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, kuɗin ba su salwanta ba, kamfanin yana riƙe da su ne har a tabbatar masa da magada. A Texas ana ɗaukar wannan haƙƙi a matsayin kadara irin ta fili, ko da saman ƙasar na wani ne, saboda haka komai sai an rubuta shi a ofishin akawun gundumar da ma'adinan suke, wato Reeves, ba inda marigayin ya zauna ba. Tunda babu wasiyya, ko dai kotu ta tantance magada, ko kuma a yi takardar rantsuwa wadda mutum biyu da suka san iyalin, kuma ba su da rabo a gadon, za su sa wa hannu. Ki fara tambayar kamfanin wadda zai karɓa. Bayan nan zai aiko wa kowa takardar da ke nuna kasonsa. Kada ku yi jinkiri, domin kuɗin da suka shekara 3 ba a nema ba ana miƙa su ga baitulmalin jihar.

Malam Ɗan Zazzau:
A lura cewa dokar Texas za ta raba muku daidai wa daida, ba bisa rabon shari'ar Musulunci ba. Idan kuna son bin shari'a, sai kowa ya karɓi kasonsa tukuna, sannan ku daidaita a tsakaninku da takardun mallaka. Sallamawar baki ba ta wadatar, dole ƙanenku ya sa hannu a gaban jami'in shaida, kuma ana yin hakan a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja. A yi masa bayani sosai, domin a Najeriya sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnatin tarayya duk ma'adinai, don haka yana iya raina abin da yake shirin kyautarwa.

Baban Sadik:
Gaskiya ne, Malam. Idan kuma ya zaɓi riƙe rabonsa, za a riƙa cire masa harajin kashi 30 cikin 100 kafin kuɗin su iso gare shi, muddin ba ɗan ƙasar Amurka ba ne, tunda ba a can yake zaune ba. Hajiya, ki sa a ƙiyasta darajar haƙƙin a ranar rasuwar, domin da ita za a lissafa haraji idan kun sayar, kuma ki nemi lauyan da ya ƙware a harkar mai ya rubuta takardun.