Wace kalma za mu sa wa "data linkage"?

Ustaz na Maiwurno: Salamu alaikum 'yan uwa. Ana shirya darasin horar da masu cike rajistar asibiti a ƙauyukan Sinnar da Gadarif a nan Sudan, da Hausa, kuma kalma ɗaya ta tsaya. Turawa suna cewa "data linkage", a ofis muna cewa rabɗul bayanat da Larabci. Aikin shi ne a ɗauko rajistar marasa lafiya, a ɗauko ma'aunin ruwan sama ko zafi ko ƙura, a sa kowane layi na wannan ya sami abokinsa a wancan, bisa wuri ɗaya da lokaci ɗaya. A daftari an sa "haɗa bayanai". Ku duba mana.

Dakta, Gadarif: Wa alaikumus salam, Ustaz. "Haɗa" ta yi faɗi. Wanda ya tara rahoton asibitoci goma a jadawali guda shi ma haɗawa ya yi, alhali tari ne kawai. A nan jadawali biyu ne masu asali daban, kuma dole a sami abin da ya ratsa su duka. Ɗauki kala-azar, cutar nan mai dogon zazzaɓi da kumburin saifa. Ƙudan da ke yaɗa ta yana zaune a baƙar ƙasa mai tsagewa, inda aduwa da dushe suka yi yawa, kuma ya fi cizo daga Maris zuwa Yuni. Cutar kan kwanta a jiki wata 2 zuwa 6, don haka asibiti yake cika daga kaka zuwa hunturu. Wanda ya ɗora marasa lafiyan Disamba a kan yanayin Disamba zai ce sanyi ne ke kawo ta. Ga kuma wuri: lebura ya kamu a gonar riɗi ko dawa, rajista ta rubuta sunan garin da asibiti yake. Sai fom ya tambayi inda ya kwana a watanni shida da suka wuce, in ba haka ba aikin ya ɓaci tun daga tushe.

Hajiya mai ƙididdiga, Madani: Akwai masu cewa "alaƙanta bayanai". Ban yarda ba ko kaɗan. Da mutum ya ji alaƙa zai ɗauka an riga an tabbatar ruwan sama ne ya jawo cutar, alhali ba a ma fara nazari ba. Wannan mataki na shirya jadawali ne, hukunci yana gaba. "Gwama" kuma ta yi kusa da gwamutsa.

Ɗan Kasala: Matasa dai "jona" suke cewa, kuma kowa yana ganewa.

Hajiya mai ƙididdiga, Madani: Ɗana, a baki ba laifi. A rubuce ina ba da shawarar "ƙulla bayanai". Abin da aka ƙulla yana nan da kamanninsa, kowane ɓangare ana gane shi, kuma ana iya kwance shi. Kwancewar nan ita ce kariyar mara lafiya: ofishi guda ne ke riƙe sunaye, shi yake ƙullawa, sannan ya cire suna da lambar ɗan ƙasa, ya miƙa wa mai bincike lamba kawai. Abin da ake ƙullawa da shi kuma a kira shi "mahaɗi". A aikinmu mahaɗi biyu ne, lambar wuri da mako.

Mai taswira, Khartum: Na goyi bayan Hajiya, kuma mahaɗin wuri ne ya fi ba da wahala. Kada a taɓa ƙullawa da sunan ƙauye. Garin Ustaz kaɗai ana rubuta shi Maiwurno, Maiurno, Mayerno, ban da rubutun Larabci, kuma ƙauyuka masu suna iri ɗaya suna da yawa. A yi amfani da lambobin wilaya da mahalliyya (jiha da ƙaramar hukuma) irin waɗanda OCHA, ofishin daidaita ayyukan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, ke fitarwa, a rubuta shekarar taswirar iyakoki, domin ana raba mahalliyya a sauya mata iyaka.

Ma'aunin ruwan sama na CHIRPS, ƙiyasin da ake samu daga tauraron ɗan Adam da tashoshin awo, wanda ya faro daga 1981, yana zuwa ne gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida kusan kilomita 5 a kan 5. Rajistar DHIS2 kuwa, wato manhajar tattara rahotannin asibitoci, asibiti-asibiti take, wata-wata ko mako-mako. Matakan: a ɗora iyakar mahalliyya a kan gidajen, a ɗauki matsakaicin waɗanda suka faɗo ciki, amma a fifita gidajen da mutane ke zaune, kada dajin da ba kowa ya rinjayi lissafi. Sannan a tara ruwan kwana bakwai ya zama mako, a tabbatar ranar da mako ke farawa ɗaya ce a jadawalin biyu. Zafin da na'urar MODIS da ke kan tauraron ɗan Adam ke aunawa na doron ƙasa ne, ba na iska ba, da rana yakan zarce na iska sosai, kuma da damina gajimare yana rufe shi, gidaje su zo babu komai.

Dakta, Gadarif: A ƙara "jinkiri" a jerin kalmomin, wato tazarar da ke tsakanin saukar ruwa da bayyanar cuta. A zazzaɓin cizon sauro, ƙwai yana zama sauro cikin kamar kwana 10, ƙwayar cutar ta nuna a cikin sauro cikin kwana 10 zuwa 14, ta ɗauki mako ɗaya zuwa biyu a jikin mutum. Shi ya sa ake gwada jinkirin mako 4 zuwa 8. A Jazira ma, yankin noman ban-ruwa, ruwan sama kaɗai ba ya wadatarwa, tun da ruwan madatsar Sinnar yana kwance a ƙananan magudanan ban-ruwa da ake kira abu ishirin da abu sitta ko da rani, sauro da katantanwar tsargiya suna samun wurin zama. Sai an ƙulla da jadawalin sakin ruwa.

Ustaz na Maiwurno: Abu ɗaya ke damuna, Hajiya. "Ƙulli" a kunnen mutanenmu yana kai wa ga makirci, ga shi ana maganar sunayen marasa lafiya.

Hajiya mai ƙididdiga, Madani: Gaskiya ne, Ustaz. A tsaya a kan "ƙulla bayanai" da "bayanan da aka ƙulla", a bar "ƙulli" da "ƙulle-ƙulle". Ana ƙulla zumunci, ana ƙulla yarjejeniya, ba wanda ke jin sharri a ciki. In layin wani ya hau kan na wani, a ce "an ƙulla ba daidai ba". In layi ya rasa aboki, "ya kuɓuce", kuma a faɗi kashi nawa cikin ɗari suka kuɓuce, domin galibi na makiyaya ne da 'yan gudun hijira, waɗanda cuta ta fi ci.

Roƙona ga masu cike rajista: tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 asibitoci da yawa sun rufe. Watan da ba a aiko rahoto ba a bar gurbinsa fayau, kada a sa sifili, don sifili yana nufin an buɗe ba a sami ko mutum ɗaya ba. Yawan jama'ar da ake raba adadi da shi ma na ƙidayar 2008 ne, ga yaƙi ya kwashe mutane daga wannan wilaya ya zuba a waccan, don haka a rubuta a gefe wane ƙiyasi aka ɗauka da watansa.