Na yi ritaya na kama ɗaukar hoto, amma hotunan ba su fita yadda nike so

Tsohon Mushe, Yantala:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara 34 na yi ina koyarwa a lakwal, bara na yi ritaya, sai ɗana ya aiko mini da kamara Canon wadda aka taɓa aiki da ita. Tun sannan kullum ina yawo da ita, bakin kogi, Katako, Gran Marshe, amma in na komo gida na duba sai in ga ba abin da idona ya gani ba ne, fuskokin mutane baƙi ƙirin, sama kuma fari fat. Ba kuɗi nike nema da ita ba, Yamai nike so in aje ma jikokina yadda take yau. Don Allah ta ina zan fara?

Mai studiyo, Boukoki:
Wa alaikumus salam Baba. Kamararka lahiya lau take, lokacin hita ne za ka canza. Ranar tsaka ta Yamai tana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa inuwa ke cika idon mutum. Ka hita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, ka bar rana a bayanka ko gefenka, kar ka sa ta bayan wanda kake ɗauka. Da rana ISO, wato ma'aunin yadda kamara ke jin haske, 100 ya isa, in kuma abu mai motsi ne kamar kokowa ko masu jefa taru, ka kai gudun ɗauka, wato saurin buɗewa da rufewar idon kamara, 1/500 na sakan ko abin da ya fi haka sauri. Sannan Baba hunturu na tafe, wallahi kar ka kwance gilashin kamara a waje, ƙura in ta shiga ciki za ka riƙa ganin ɗigo-ɗigo a kowane hoto.

Alhaji mai fansho, Talladje:
Malam barka da hutawa, ni ma bayan ritaya na fara kuma ba wanda ya koya mini. Abin da ya taimake ni shi ne na bar yawo ko'ina, na riƙe wuri guda, wata ukku ina zuwa wajen masu sana'ar hannu na Gidan Tarihi Boubou Hama, dukawa da maƙeran azurfa, ranakun farko ko kamara ban hiddo ba, hira kawai, sai da suka saba da ni suka bar gyara zama in na ɗaga ta, to nan ne hoto ya fara yin rai. Ka nemi hotunan Malick Sidibé na Bamako a intanet, baƙi da fari ne, matasan Bamako ya fi ɗauka, a 2007 kuma aka ba shi babbar kyauta a birnin Venise na Italiya. Hattara dai da gada da gine-ginen gwamnati da duk inda soja suke, kar ka nuna kamara wajen.

Maman Fati:
Baba don Allah a riƙa neman izini, musamman mu mata a kasuwa. In ka wanke hoto ka kai ma mai shi, zai ji daɗi sosai.

Tsohon Mushe, Yantala:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai wani tsohon tela a layinmu, tun ina yaro yake kan kekensa Singer, gobe bayan la'asar zan je in zauna wajensa in nemi izini. Mai studiyo, shagon telan akwai ɗan duhu, ISO nawa zan sa?