Minti biyun farko na fim ɗin ban tsoro: ina za a bi abin da aka saba, ina za a kauce?

Zainab_Kyamara:

Assalamu alaikum. An ba rukuninmu aikin aji, mu haɗa buɗewar fim ɗin ban tsoro ta minti 2, sannan mu rubuta bayanin inda muka bi al'adar irin wannan fim da inda muka saɓa mata. Tsarinmu shi ne: yarinya ita kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai, aka ɗauke wuta, ta kunna tocilar waya, ta ji taku a baranda. A daƙiƙa ta 30 wata mai farin mayafi ta bayyana a bayanta, ta ƙwalla ƙara, sai sunan fim ya fito da jan rubutu. Wasu a cikinmu sun ce an gaji da ganin wannan, gara mu juya komai: da rana, ba kiɗa, ba jini, kuma a nuna fatalwar tun a ɗaukar farko. Kayan aikinmu waya 2, fitilar LED guda, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga. Don Allah wanne ya fi?

Malam_Sani_Edita:

Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Kowanne da cikas ɗinsa. Na farkon ya yi gaggawa: kin nuna dodon a daƙiƙa ta 30, to me za a kalla a sauran 90 ɗin? Na biyun kuwa, idan aka cire dare da kiɗa da jini da ɓoyon fatalwa gaba ɗaya, mai kallo ba zai gane fim ɗin tsoro ba ne ma, balle ya lura an saɓa wa wani abu. Sai ya sa rai da wani abu tukuna, sannan za a iya yi masa ba-zata.

Dubi buɗewar Halloween na John Carpenter, 1978. Dare ne, gida ne, ga wuƙa, ga budurwa ita kaɗai a bene, kyamara ta zama idon mai kisan na wajen minti 4. Komai ya tafi yadda ake zato, sai da aka cire masa abin rufe fuska aka ga yaro ne ɗan shekara 6. Abu ɗaya tak aka juya. Haka Scream na 1996: fitacciyar jarumar da kowa ya ɗauka da ita za a kai ƙarshe, ita aka kashe kafin a cika minti 15.

Ga yadda zan raba daƙiƙa 120 ɗin. 20 na farko a nuna wurin daga nesa, a nan sunayen ma'aikata za su shiga, kowane suna daƙiƙa 3, ƙaramin rubutu a gefe. Daga 20 zuwa 60 yarinyar na harkarta ta yau da kullum, amma akwai abu ɗaya da ba daidai ba wanda mai kallo ya gani ita ba ta gani ba, misali ƙofar da ta rufe an same ta a buɗe. Daga 60 zuwa 100 ne ɗalibai suka fi yin kuskure, suna ta yanka ɗauka gajeru gajeru don a ji zafi. Akasin haka ake so. A bar ɗauka ɗaya ta kai daƙiƙa 10 ko 12, da fili a bayan kanta, idon mai kallo zai yi ta laluben filin nan da kansa. Abin da zai faru ya faru tsakanin 100 da 112, sauran 8 na sunan fim ne.

Hajara_Rubutu:

Malam Sani ya gama magana kan tsari, amma ina da ja a kan batun rana. Kafin ki rubuta cewa kun saɓa wa al'ada, 'yar'uwa, tambayi kanki: al'adar wa? A finafinan Amurka da Ingila tsoro na dare ne, don haka ɗauka da rana kaucewa ce. A wurin Bahaushe ba haka ba ne. Rana tsaka da goshin magariba lokutan iskoki ne da kowa ya taso yana ji, shi ya sa ake hana yara zama gindin tsamiya ko kuka, ko yawo a juji, a waɗannan lokutan. Idan kuka ɗauki yarinya ta biyo ta gindin tsamiya da ƙarfe 1 na rana, gari tsit, kun saɓa wa fim ɗin Turawa amma kun bi tsoron gida sau da ƙafa. Wannan kansa abin rubutawa ne, kuma ya fi "mun yi da rana don mu bambanta" nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata ku guda shi ne wanda namu finafinan suka cinye: farar hoda a fuska, jan ido, dariya mai amsa-kuwwa, ɓacewa da ƙarar "fiu". Yanzu dariya suke ba mutane. Ku nemi abin da mai kallo ya yarda da shi ya saki jiki, ku juya shi. Misali, yarinya ta dawo ɗaki, ta buɗe kwaɗo da hannunta, kowa ya ga ba kowa a ciki, ta yi sallama don sabo. Aka amsa mata. Da muryarta. Ba fatalwa a ido, ba kwalliya, kuɗin da za ku kashe bai wuce na naɗar murya sau biyu ba. Kwaɗon nan dole a nuna shi kusa, daƙiƙa 2 ko 3, in ba haka ba za a ɗauka abokiyar zamanta ce ta amsa.

In za ku fita rana, ku sani tsakanin 12 da 2 hasken daga sama yake saukowa, yana duhunta kwarmin ido, wanda ya dace da ku. Amma inuwa na tafiya, ɗaukar ƙarfe 12 ba za ta haɗu da ta ƙarfe 3 ba. Waya ma tana zafi ta rage haske ko ta tsaya, a riƙa rufe ta da lema.

Injiniya_Bala:

Ni kan kayan aiki zan tsaya, tunda mafi yawan buɗewar ɗalibai a nan suke faɗuwa.

Kada a ɗauki duhu a cikin duhu. Waya idan ta rasa haske sai ta ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, da kanta, hoto ya cika da ƙwayoyi kamar yashi, kuma editin ba ya gyara shi. A ɗauka da haske, a rage a kwamfuta. A yi amfani da manhajar da ke bari a kulle ISO da launin haske da fokas, in ba haka ba duk lokacin da tocila ta gifta hasken hoton zai yi ta hawa da sauka. A sa firam 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25, shata (tsawon lokacin da kowane hoto ke karɓar haske) 1/50 na daƙiƙa, saboda wutar Najeriya da Nijar 50 Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. A firam 30 wasu ƙwayayen fitila sai sun yi ta ƙyaftawa. Wayoyin biyu su zama kan saiti ɗaya.

Fitilar taku guda ta isa. A ajiye ta a gefe, ba kusa da kyamara ba, rabin fuska haske rabi duhu. Farin kwali a ɗaya gefen zai dawo da ɗan haske don ido ya fito. Idan fitilar ta yi ƙarfi a ja ta baya: ninka nisa sau 2 yana mai da haske kashi 1 cikin 4. A janye yarinyar daga bango kamar mita 2, bangon ya nutse.

Sai sauti. "Ba kiɗa" shawara ce mai kyau, amma ba kiɗa ba ya nufin ba sauti. Idan aka bar layin sauti fayau, mai kallo zai ɗauka wayarsa ce ta lalace. A naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 60, kowa ya tsaya cak, a shimfiɗa shi ƙarƙashin aikin duka. Taku, ƙarar ƙofa da kwaɗo a naɗe su daban daga baya, makirfo kusa da abin. A ma'aunin ƙarfin sauti na dB, inda 0 ne ƙololuwa, magana ta zauna wajen -12, shirun ɗaki wajen -30, ƙarar firgitarwa kada ta wuce -3 don kada ta fashe. Tazarar da ke tsakaninsu ce ke firgitarwa, ba ƙarfin ƙarar ba. Kuma gurnanin nan mai kauri da ake sa wa finafinan tsoro, lasifikar waya ba ta fitar da shi, sai a gwada aikin a waya kafin a miƙa. Ga shawarar Hajara kuma: muryar da za ta amsa sallamar kada a sa mata amsa-kuwwa ko kaɗan. A naɗe ta a ɗakin, daga kusurwar da ake so a ji ta fito, a bar daƙiƙa 2 cur kafin ta zo.

Zainab_Kyamara:

Allah ya saka da alheri, mun ɗauki ta sallamar. Saura bayanin da za mu rubuta, yaya za mu nuna cewa kaucewar ta yi aiki? Kuma idan muka bar jini gaba ɗaya, ba za a ce mun rasa alamar fim ɗin tsoro ba?

Malam_Sani_Edita:

Amin. Jini ba dole ba ne. Kuna da kaɗaici, da wurin da ya kamata a samu aminci, da abin da ba a gani, da sunan fim a kan baƙin allo. Sun isa a gane. In kun nace, zobo kaɗai ba ya yi, ruwa-ruwa ne kuma yana komawa shunayya a kyamara. Sai an dafa sukari ya yi kauri, a sa jar kalar abinci da ɗan garin koko, kuma a shirya wa ƙudaje.

A bayanin kada ku rubuta "mun yi amfani da ƙaramin haske don tsoratarwa", kowa haka yake rubutawa. Ku kama daƙiƙa: a 0:48 mun nuna kwaɗo don a tabbata ɗakin ba kowa, a 1:42 mai kallo na jiran wani abu ya bayyana a bayanta, sai muka ba shi murya maimakon siffa. Don samun hujja, ku nuna wa mutum 5 da ba sa cikin rukunin, ku tsayar a 1:30, ku tambaye su me zai faru. Idan yawancinsu suka ce wani abu zai fito a bayanta, tarkon ya ɗanu, ku rubuta amsoshinsu yadda suka faɗa. Idan kowa ya faɗi nasa daban, matsalar tana tsakanin 20 da 60, can za ku koma ku sake yankawa.