Ina zan kai Hajiya cin abinci a Kano bayan ganin likita?

Assalamu alaikum. Ranar Talata zan kawo mahaifiyata daga Gumel zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Da asuba muke fitowa, kuma ba ma gamawa sai bayan azahar. Tana fama da hawan jini da ciwon suga, don haka ba zai yiwu ta wuni da yunwa ba. Sai dai Hajiya ba ta taɓa zama a gidan sayar da abinci ba, domin a wurinta abin kunya ne dattijuwa ta riƙa kai loma a gaban mazan da ba ta sani ba. A zuwanmu na baya, shinkafa na sayo mata a roba, ta ci a cikin mota da tsakar rana, hannunta yana rawa saboda yunwa. Har yau abin yana tsaye a raina. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsar wata 'yar uwa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Malam, kada ka yi gardama da kunyarta, ka nemi wurin da ya dace da ita. Gidajen abinci da dama a Kano sun ware ɓangaren iyali, wasu da labule, wasu har da kafet a ƙasa, inda za ta miƙe ƙafa ta wanke hannu ta ci tuwonta kamar tana ɗakinta. Ka fara shiga kai kaɗai ka duba, sannan ka shigo da ita. Idan da hali, ka zo da ƙanwarka ko matarka, domin za ta fi sakewa idan da mace a gefenta.

Amsar wani ɗan uwa:
Ni abin da za a zuba mata ya fi damuna. Miyar gidan abinci takan sha gishiri da magi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ka nemi miyar ganye, kamar ta zogale ko alayyafo, a zuba kaɗan, kada a ƙara yaji, tunda shi ma da gishiri da magi ake daka shi. Idan akwai acca ko wake, ka fifita su a kan farar shinkafa, kuma malmala ɗaya ta wadatar. Zoɓo da kunun aya na kwalba yawanci an riga an zuba musu sukari, saboda haka ruwa ya fi mata.

Amsar wani dattijo:
Yaro, ka isa tsakanin ƙarfe 1 da 2, lokacin da aka sauke tukunya tana tururi, kafin a kai ga ɗumame. Ka kuma saka dabino biyu ko uku a jakarta tun daga gida, domin rawar hannun da ka gani tana iya zama alamar faɗuwar suga. Ka faɗa wa likitanta wannan a ranar, kafin ku fito.